ILMIN HANNU DA SHAIDAR TAKARDA: INA MAKOMAR WANDA YA KOYO SANA'A A ƘETARE?

Gabatarwa

Duk wanda ya bi ta garin Kalgo a 'yan shekarun nan ya ga yadda gine-gine ke ta tsirowa tun bayan da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a shekarar 1434 ta Hijira, wato 2013, aka kuma ajiye harabarta a ƙasar Kalgo. In mai karatu ya tsaya wurin ɗaya daga cikin waɗannan gine-gine ya yi hira da masu shimfiɗa tayil ko masu ja wayar lantarki, ba wuya ya tarar da wanda zai ce masa a ƙetaren iyaka ya koyo aikinsa, ko dai a Jumhuriyar Nijar, ko a Benin, ko a Togo. Muna ba irin waɗannan mutane amanar gidajenmu, muna kwana ƙarƙashin wayar da suka ja ba tare da fargabar gobara ba. Amma ranar da ɗayansu ya ɗauki takardar shaidarsa ya nufi wata babbar makaranta don ya ƙaro ilmi, sai a dube shi kamar wanda bai taɓa zama a aji ba.

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a nuna cewa wannan hali asara ce gare mu, kuma ya saɓa wa tarihin ilmi na ƙasar Gwandu kanta. Ra'ayina shi ne, wanda ya koyo sana'a a wata ƙasa ya cancanci a jarraba shi, in ya ci a lissafa masa abin da ya riga ya sani cikin kwasa-kwasan da zai ɗauka, ya ɗora daga inda ya tsaya.

Abin da Ya Jawo Wannan Magana

Ina da wani ɗan kawu wanda aka haifa a garin Gwandu, mahaifiyarsa kuwa mutuniyar ƙasar Dosso ce. Yana ɗan shekara goma sha biyar aka kai shi riƙo wurin dangin uwa, a can ya shiga makarantar koyon sana'a ya yi shekara uku yana karatun lantarki, ya fito da takardar da ƙasashen rainon Faransa ke kira CAP. Bayan haka ya yi shekara huɗu yana aikin haɗa sola da girka famfunan burtsatse. Da ya dawo gida sai ya yi sha'awar samun difloma, domin ya lura cewa manyan kwangiloli ba sa zuwa hannun wanda ba shi da takardar da aka sani.

Ni na raka shi ofishin ɗaukar ɗalibai na wata babbar makaranta. Ma'aikacin da muka tarar mutumin kirki ne, ya karɓi takardar ya jujjuya ta, sannan ya ce, "Malam, wannan da Faransanci aka rubuta ta, kuma ba ta cikin jerin takardun da aka ba mu. Sai dai ka je ka zauna jarrabawar sakandare ka kawo kiredit biyar har da Ingilishi da Lissafi, ka yi jarrabawar shiga, ka faro daga aji ɗaya." Ɗan kawuna ya ce, "Ranka shi daɗe, a kai ni ɗakin gwaji a ba ni waya da mita, a ga abin da na iya." Ma'aikacin ya yi murmushi ya ce ba shi da ikon yin haka.

A hanyarmu ta komawa Gwandu ya daɗe bai ce uffan ba. Can sai ya ce mini, "Ƙanena, aikin ga hannuna ya san shi, takarda ce ba su sani ba." Yau shekara biyu ke nan, yana nan yana ja wa gidajen hayar ɗalibai waya, maganar difloma kuwa ya ajiye ta. Ban ga laifin wancan ma'aikaci ba, don abin da aka rubuta masa shi ya bi. Laifin yana ga tsarin da ya san takarda iri ɗaya tak, bai kuma tanadi wata ƙofa ta gwada mutum ba.

Darasi Daga Malaman Gwandu

Kafin mu leƙa ƙasashen Turawa neman misali, ya kamata mu fara duba gida. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke garin Gwandu, ya rubuta wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukhi, inda ya jera malaman da ya yi karatu wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu. Wani Bature manazarci, Mervyn Hiskett, ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1957. Wanda ya duba wannan aiki da idon zamani zai ga cewa shi ne abin da a yau muke kira takardar sakamakon karatu: ga malami, ga fanni, ga littafi.

Daga cikin malaman Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi akwai Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda Shehu ya bi har Agadas don neman ilmi. Malam Jibrilu ya je aikin hajji, ya sadu da babban malamin nan na Misira, Murtala Zabidi, ya karɓo ijaza daga gare shi, ya kuma miƙa ta ga almajiransa. Haka nan Alhaji Muhammadu ɗan Raji ya dawo daga hajji ya karantar da su Sahihul Buhari, ya ba su ijaza da salsalar malaminsa na Madina. Shi kansa Shehu a Maratta aka haife shi a 1754, garin da a yau yake cikin ƙasar Nijar. Ke nan ilmin da aka kafa daular Usmaniyya a kansa, rabinsa da ma'aunin yau ilmin ƙetare ne.

Ta yaya malaman wancan zamani suke tantance baƙo? Hanyarsu ta tsaya a kan ginshiƙai biyu. Na farko, a tambayi mutum wurin wa ya yi karatu, shi kuma malamin nasa wurin wa ya ɗauka. Na biyu, a buɗe masa littafi a ce ya biya ya fassara. In ya ce ya sauke Risala a Agadas ko a Katsina, aka kuma ji karatunsa ya zauna, ba wanda zai mai da shi Ahalari. Sai a ɗora shi kan littafin da ke gaba. In kuwa aka ji yana tuntuɓe, sai a ce ya koma babin da ya gagare shi. Takardar ijaza tana da daraja, amma bakin mai ita shi ne shaida ta ƙarshe.

Iyakar da ta raba Gwandu da Dosso da Gaya baƙuwa ce. A 1890 ne Ingila da Faransa suka fara ja layi a kan taswira daga Sayi zuwa Barruwa, suka yi ta gyara shi har zuwa 1906. Sayi kuwa gari ne na malamai da ke ƙarƙashin tutar Gwandu a ƙarni na goma sha tara, a can ne ma aka buɗe Jami'ar Musulunci ta Nijar a 1986. Abin mamaki ne a ce kakanninmu da ke tafiya bisa raƙumi sun iya gane ilmin Alƙahira da na Madina, mu kuwa masu kwamfuta da intanet mun kasa gane takardar garin da mota ke kai mutum cikin yini guda.

Yadda Tsarin Yake a Nijeriya

Ba za a ce ƙasar nan ba ta da hukumomin kula da ilmin sana'a ba. An kafa Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, a 1977, hedikwatarta tana Kaduna, ita ke sa ido kan kwalejojin kimiyya da fasaha. An kafa JAMB a 1978 don shirya shiga jami'a. A 1992 aka kafa NABTEB, mai shirya jarrabawar makarantun sana'a da kasuwanci. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya kuma tana da jarrabawar gwajin sana'a mai daraja uku. Takardun da aka samo daga waje kuwa, Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da ke Abuja ita ke auna su.

Akwai wani abu cikin tarihinmu da ya kamata a tuna. Kafin zuwan NABTEB, ɗaliban makarantun sana'a na ƙasar nan jarrabawar City and Guilds ta birnin Landan suke zaunawa, cibiyar da aka kafa tun 1878. Da wannan takarda iyayenmu suka samu aiki a ma'aikatar ayyuka da hukumar jirgin ƙasa da ta lantarki. Ashe dai mun taɓa amincewa da shaidar sana'a ta wata ƙasa. Bambancin kawai shi ne, waccan ta fito daga ƙasar da ta mulke mu, da harshen da ta bar mana.

A 2013 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da wani tsari na matakan ƙwarewa a sana'a, wanda ake taƙaita sunansa da NSQF, ya kuma fara da matakai shida. A cikinsa akwai tanadin gwada wanda ya koyi aiki a wajen makaranta a ba shi shaida daidai matakin da ya kai, an ma yi ta ƙoƙarin shigar da masu sana'ar kasuwar Panteka ta Kaduna cikin wannan shiri. Wannan mataki ne mai kyau, sai dai gadar da za ta haɗa shi da ajin jami'a ba ta kammalu ba. Hanyar shiga aji biyu kai tsaye an shimfiɗa ta ne musamman don masu difloma da masu takardar malanta ta NCE da waɗanda suka yi IJMB da makamantansu. Mai takardar sana'a daga Dosso ko Maraɗi, ko da ya fito daga makaranta mai tsohon suna irin makarantar fasaha ta Ɗan Ƙasawa, sai ya fassara takardarsa, ya nemi kuɗin motar Abuja, ya jira, kuma ko an auna ta ba lalle ba ne a rage masa ko da kwas ɗaya.

Tushen wannan matsala shi ne rainin da muke yi wa aikin hannu. Ko a cikin gida ma, an shafe shekaru ana jayayya kan fifikon da ake ba mai digiri a kan mai babbar difloma. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin soke wannan bambanci a 2021, amma wa'adin wancan shugaba ya ƙare bai sa masa hannu ba. Ƙasar da ba ta gama daraja diflomar da ita da kanta ta bayar ba, yaya za ta daraja takardar maƙwabci?

Abin da Wasu Ƙasashe Suka Yi

Wannan matsala ba mu kaɗai ta dama ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta sami kanta da ɗimbin sojoji da suka koyi kanikanci da aikin rediyo da jinya a bakin daga. Maimakon a ce su faro daga tushe, sai majalisar manyan makarantun ƙasar ta riƙa auna horon soja tana ba jami'o'i shawarar adadin kwasa-kwasan da ya kamata a yafe wa mai shi, aikin da har yanzu ake yi. Faransa ta yi doka a 2002 wadda ta ba mutum damar neman difloma, ko wani sashe nata, ta hanyar gabatar da aikin da ya yi a gaban kwamitin masana. Jamus ta yi dokar amincewa da takardun sana'a na ƙetare a 2012, ta kuma ajiye babban gwanin sana'a, wanda suke kira Maista, a mataki ɗaya da mai digirin farko. Afirka ta Kudu ta kafa hukumar auna takardun shaida tun 1995.

Akwai kuma yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa. Ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci sun kafa majalisar CAMES a 1968 don daidaita takardun manyan makarantunsu. An ƙulla yarjejeniyar Arusha a 1981 ƙarƙashin UNESCO, aka sabunta ta a Adis Ababa a 2014. A Turai, yarjejeniyar Lisbon ta 1997 ta zo da wata ƙa'ida da ta dace mu yi nazari a kanta: wajibi ne a amince da takardar baƙo sai fa in an nuna akwai bambanci mai girma tsakaninta da ta gida, kuma hukumar da ta ƙi amincewa ita ke da nauyin kawo hujja. A wurinmu kuwa al'amarin a juye yake, talaka mai neman ilmi shi ke yawo da takarda ofis-ofis yana neman wanda zai gaskata shi.

Ficewar Nijar daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairu na 2025 ta ƙara sa wannan magana ta zama ta gaggawa ga jihohin kan iyaka. Gwamnatoci na iya ɓatawa su shirya, amma auratayya da cinikayya tsakanin Kamba da Gaya ba za su tsaya ba, yara kuma za su ci gaba da zuwa riƙo wurin dangi a kowane ɓangare.

Hujjojin Masu Suka

Wajibi ne a saurari masu ganin cewa buɗe wannan ƙofa haɗari ne, domin maganarsu tana da tushe. Hujjarsu ta farko ita ce takardun jabu. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, abin da ya sa a Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da auna digirin Benin da Togo. Wannan gaskiya ne, abin kunya ne kuma. Amma in aka lura, wannan labari yana ƙarfafa ra'ayina ne. Abin da ya ba mai takardar jabu damar wucewa shi ne tsarin da ke duban hatimi ya ƙyale mutum. Da ana zaunar da mai takarda a jarraba shi, da ramin ƙarya ya nuna ƙurarsa tun ranar farko. A fagen sana'a ma abin ya fi sauƙi: wanda bai iya walda ba, minti goma ya isa a gane shi.

Hujja ta biyu ita ce, jami'a wurin nazari ne, wanda ya iya haɗa waya kuma ba lalle ne ya san lissafin da ke bayanta ba. Wannan ma haka ne, shi ya sa ban ce a miƙa wa kowane mai gyaran wuta digiri ba. Abin da nake cewa shi ne a rarrabe. In manhaja tana da kwas na aikin ɗakin gwaji da zanen fasaha da horon masana'anta, mutum kuma ya nuna ya ƙware a kansu, a yafe masa su. Lissafi da kimiyyar da bai yi ba, ya zauna ya yi su kamar kowa. Da haka shekara biyu za ta iya komawa ɗaya da rabi, wannan kuwa ba ƙaramin sauƙi ba ne ga magidanci mai ciyar da iyali.

Hujja ta uku ita ce harshe, wato wanda ya yi karatu da Faransanci ba zai iya bin lacca da Ingilishi ba. Amsa a nan ita ce a koya masa Ingilishin, kamar yadda ɗalibanmu da ke zuwa Masar ko Turkiyya ko Sin ke shafe shekara guda suna koyon harshe kafin su shiga karatu. Rashin harshe gibi ne da ake cikewa, ba ya goge abin da mutum ya sani. A nan ne ma mu ɗaliban Hausa muke da abin cewa. Mutumin Dosso da na Maraɗi da na Gwandu duk suna jin Hausa. Me zai hana a yi gwajin baki da na aiki da Hausa, a ga iyakar sanin mutum, kafin a ɗora masa nauyin baƙon harshe?

Shawarwari

Da farko, manyan makarantun Jihar Kebbi, wato jami'ar da ke Kalgo, da ta kimiyya da fasaha da ke Aliero, da Kwalejin Waziri Umaru ta Birnin Kebbi, da ta Dakingari, su haɗu su kafa kwamiti guda na auna ilmin da aka samo a waje, da izinin hukumomin Abuja da Kaduna. Jihar da ta yi iyaka da ƙasashe biyu ita ta fi cancanta ta fara.

Na biyu, a zauna da takwarorinsu na Nijar da Benin a kwatanta manhaja da manhaja, a fitar da jadawali a fili wanda zai nuna matsayin CAP da BEP da BTS a ma'auninmu, a kuma samar da hanyar tabbatar da takarda kai tsaye daga makarantar da ta bayar da ita. Wannan shi ne tambayar "wurin wa ka yi karatu" ta zamaninmu.

Na uku, a riƙa shirya gwajin aiki sau ɗaya ko biyu a shekara, a sa malaman makaranta tare da sanannun gwanayen sana'a cikin alƙalai, kuɗin gwajin kuma ya zama wanda talaka zai iya biya.

Na huɗu, sassan Hausa da na Faransanci su ɗauki nauyin fassara takardu da tattara kalmomin sana'a cikin harsunan uku. Aiki ne da ɗaliban ajin ƙarshe za su iya yi a matsayin kundin digiri, ya kuma amfani jama'a.

Daɗin daɗawa, amfanin wannan tsari ba zai tsaya kan baƙi ba. Matasanmu da ke fita Saudiyya ko Libiya ko Turai da sana'a a hannu sukan ƙare a aikin lebura domin ba su da shaidar da wata ƙasa za ta iya karantawa. Ƙasar da ta tsara ma'auninta ta kuma amince da na maƙwabta, ita ce ke da bakin neman a amince da nata.

Kammalawa

Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, fadamun jihar nan suka cika da injunan ban ruwa, ga masana'antun casar shinkafa, ga famfunan sola da ke ƙaruwa a ƙauyuka. Duk waɗannan suna bukatar mutanen da suka haɗa sanin hannu da na littafi. Muna da masu sanin littafi da ba su taɓa kwance inji ba, muna kuma da masu kwance inji da aka rufe wa ƙofar littafi. Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ɗan kawuna bai nemi a ba shi abin da bai wahala a kansa ba. Ya nemi a ba shi waya da mita ne a gwada shi, kamar yadda malaman Gwandu suke buɗe wa baƙo littafi su ce ya biya. Ina roƙon malamanmu da shugabannin makarantunmu su duba wannan magana, ina kuma kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda suka fito daga garuruwan kan iyaka, da mu tattara labaran irin waɗannan mutane mu gabatar da su inda ya dace. Allah ya sa mu dace, amin.